Amsoshin Tambayoyinku: Gidana Na Cikin Makoki, Me Zai Sa In Yi wa Duniya Addu'a?

TAMBAYA

 Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a ƙasar Awe ta Jihar Nasarawa, kuma ina cikin Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu. Damina biyu ke nan da maigidana ya tafi gona, gawarsa aka kawo mini. Har yau ba wanda ya ce mini ga wanda ya kashe shi. Yanzu dattawa sun sa sunana cikin masu bi da addu'ar roƙo ran Lahadi. Sun ba ni takarda mai kan magana uku: a yi wa ikkilisiya addu'a, a roƙi salama domin duniya duka, a tuna da waɗanda suka yi rashi.

Baba, ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta ƙi. Tun ina yarinya nake jin wannan addu'a, ga shi har yanzu binne mutane muke yi. Ina ruwana da yaƙin Sudan ko na Yukiren, ni da ko gonar mijina ba na iya zuwa? Wa ya tsara addu'o'in nan haka, kuma suna da wani amfani? Sannan in na je gaisuwar mutuwa bakina yakan yi nauyi, ban san abin da zan roƙa wa mutane ba, musamman in gidan maƙwabtanmu Musulmi ne. Ka taimake ni.

'Yarka cikin Ubangiji, daga Awe.

AMSA

'Yata, sannu da haƙuri. Allah ya ta'azantar da ke, ya raya miki yaran nan, ya tsaya musu a matsayin uba. Takardarki ta kwana biyu a gabana kafin na iya ɗaukar alƙalami, domin maganar da ta taso daga bakin kabari ba a amsa ta a tsaitsaye. Ki ba ni aron hankalinki, mu bi ta daki-daki.

Kin ce zuciyarki ta ƙi. Kada ki ɗora wa kanki laifi a kan wannan. Ki buɗe Zabura, littafin addu'ar da Yesu kansa ya tashi da shi. Waƙoƙi 150 ne a ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa kuka ne da kai ƙara gaban Allah. A Zabura ta 13, har sau huɗu Dawuda yake tambayar Allah yaushe wahalarsa za ta ƙare. Zabura ta 88 daga farkonta har ƙarshenta kuka ce, a kan maganar duhu ma ta tsaya, amma ba wanda ya cire ta daga Littafi Mai Tsarki. Da Li'azaru ya mutu a Betanya, Marta ta tari Yesu a hanya ta nuna masa ƙiri-ƙiri cewa ya makara. Bai tsawata mata ba. Da ya ga 'yar'uwarta Maryamu da masu makoki suna kuka, shi ma hawaye ya zubar, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka tambayarki ma addu'a ce. Wanda ya yanke ƙauna ba ya tambaya, juya baya yake yi ya kama gabansa.

WA YA TSARA TA HAKA?

Abin da dattawanku suka rubuta miki a takarda ya girmi ikkilisiyarku, ya girmi zuwan bishara ƙasar nan. Tushensa yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 2, inda ya sa roƙo da godiya domin dukan mutane a gaban kome, har da sarakuna da masu riƙe da mulki, don jama'a su samu zama cikin kwanciyar rai. Sarakunan da yake nufi kuwa na daular Roma ne, wadda ta yi ta ɗaure masu bi tana kashe su. Wajen shekara ta 96, Kilemen, shugaban ikkilisiyar Roma, ya aika wa masu bi na Koranti wasiƙa, a ƙarshe-ƙarshenta ya yi doguwar addu'a domin mayunwata, da ɗaurarru, da raunana, da masu mulki. Wajen shekara ta 150, wani malami mai suna Jastin ya bayyana yadda sujadar Lahadi take a zamaninsa: a yi karatu, shugaba ya yi gargaɗi, sai jama'a duka su miƙe tsaye su yi addu'a tare. Shi Jastin ɗin nan daga baya kashe shi aka yi saboda bangaskiyarsa. Kin ga ke nan, waɗanda suka fara wannan addu'a sun san zafin binne 'yan'uwa kamar yadda kika sani.

Daga nan ta gangaro har gare mu. Littafin addu'ar Angilika da Akbishop Thomas Cranmer ya tsara a Ingila a 1549 yana da addu'a domin ikkilisiya, da masu mulki, da duk mai baƙin ciki ko rashin lafiya. A wajen Katolika, babban taron Batikan na biyu ya maido da addu'ar jama'a cikin Mas a 1963, daga baya aka jera ta haka: buƙatun ikkilisiya, masu mulki da duniya, masu shan wahala, sannan jama'ar wurin. Ikkilisiyoyi irin su ERCC mai hedkwata a Alushi, da ECWA, da COCIN, da Baptis, da NKST ta 'yan'uwanmu Tibi, ba su cika karanta ta daga littafi ba, amma in kin saurari dattijon da ya miƙe yana addu'a, za ki ji sawun nan ɗaya yake bi.

Hikimar jerin ita ce: ɗan Adam in an bar shi da kansa, addu'arsa ba ta wuce ƙofar gidansa. Baƙin ciki kuwa ya fi kome ƙuntata zuciya, yakan mai da duniya duka ta koma ɗaki ɗaya mai rufaffiyar taga. Addu'ar Lahadi tana kama hannun mutum ta fito da shi tsakar gida, ta kai shi unguwa, ta nuna masa gari, sannan ta komo da shi ɗakinsa ya tarar ba shi kaɗai ba ne a ciki.

ADDU'A DOMIN IKKILISIYA

Ki karanta Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya sare Yakubu da takobi, ya kulle Bitrus a kurkuku. Masu bi suka taru da dare a gidan Maryamu, uwar Yahaya Markus, suna addu'a. Da Allah ya fitar da Bitrus ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar gidan mai suna Roda ta kawo labari, masu addu'ar nan suka ce ta zautu. Abu biyu nake so ki riƙe a nan. Na ɗaya, Littafin bai gaya mana dalilin da ya sa aka kuɓutar da Bitrus, Yakubu kuwa ya sha takobi ba, ni ma ba zan ƙago miki dalilin mutuwar maigidanki ba. Na biyu, bangaskiyar mutanen nan raunana ce har ba su gaskata amsar da ta tsaya musu a bakin ƙofa ba, duk da haka Allah ya ji su. Raunin da kike ji bai hana a ji ki ba.

To, me za ki roƙa wa ikkilisiya? Ki roƙi tsaro, domin buƙata ce ta gaske. Ba mu manta da 24 ga Afrilun 2018 ba, ranar da aka kashe Fada Joseph Gor da Fada Felix Tyolaha tare da masu sujada a majami'ar St. Ignatius da ke Mbalom ta Jihar Binuwai, ana cikin Mas na asuba. Sai dai akwai haɗarin da ya fi bindiga, shi ne ƙiyayya ta samu kujera a cikin majami'a. A kudancin Nasarawa, benci ɗaya yakan ɗauki Tibi da Alago da Eggon da Jukun da Mada da Bahaushe da Ibo. Ran da rikici ya tashi, kiran ƙabila yakan so ya danne kiran baftisma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa a daren da za a kama shi, a Yahaya sura 17, haɗin kan almajiransa Yesu ya yi ta roƙo.

Ki tuna da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Duk da haka ba ta bar koyarwarta ta ƙin ɗaukar fansa ba, agajin da ta samu ma ta raba har da maƙwabtanta Musulmi da su ma aka kora daga gidajensu. Irin wannan zuciya ba a wayi gari da ita haka kawai, sai an daɗe ana roƙonta a durƙushe. Ki roƙa wa fastoci da fadoji da katikis da masu bishara gaskiya da tsoron Allah, kada bagade ya zama wurin neman kuɗi ko dandalin siyasa.

INA RUWANKI DA SUDAN?

Ke da kike Awe ba sai na ba ki labarin 2001 ba. A watan Yunin shekarar aka kashe Sarkin Azara, Alhaji Musa Ibrahim, abin da ya biyo baya kuwa ya ci rayuka masu yawa, dubban Tibi suka bar gonakinsu suka tsere. Gidan sarki ya yi makoki, bukkar manomi ta yi makoki. A Nuwamban 2017 dokar hana kiwon sake ta fara aiki a Jihar Binuwai. Ba a Lafiya aka kafa ta ba, ba a Awe aka sa mata hannu ba, amma kafin a ci rabin 2018 makarantu a Awe da Keana da Obi sun cika da masu gudun hijira, manomi ya yi asara, makiyayi ma ya yi. Wuta ba ta san kan iyaka ba.

Haka abin yake a duniya. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya a 2011, makamai suka bazu cikin Sahel, suka yi ta canza hannu suna gangarowa kudu. Da Rasha ta auka wa Yukiren a Fabrairun 2022, farashin takin zamani da na alkama ya tashi a duniya, domin ƙasashen biyu manyan masu fitar da hatsi ne, Rasha kuma tana kan gaba wajen sayar da taki. Mai noman shinkafa da riɗi a Tunga ya ji a aljihunsa, ko bai taɓa jin sunan birnin Kiyef ba. Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sudan kuwa, inda ake gwabza yaƙi tun Afrilun 2023, akwai Hausawa da yawa da kakanninsu suka zauna can a hanyar Makka. A daren nan akwai mace a can da ke lallashin marayunta da harshen da kike lallashin naki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ki kuma juya abin ta ɗaya gefen. Bayan kisan Yelwata, a kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, a tsakiyar Yunin 2025, Fafaroma Leo na 14 ya ambaci sunan garin a gaban taron jama'a a Roma ran Lahadi 15 ga wata, ya yi wa mutanen addu'a. Mutanen da ba su san ko ina Yelwata take ba suka ce amin. A duk Juma'ar farko ta watan Maris mata Kirista a ƙasashe fiye da ɗari suna yin Ranar Addu'a ta Duniya, a 1 ga Janairu kuma Katolika suna kiyaye Ranar Salama ta Duniya tun 1968. Wasu suna ɗauke da ke a addu'arsu ba ki sani ba. In kin yi wa Sudan addu'a, bikin da aka yi miki kike ramawa.

Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su yi shuka, su kuma yi wa birnin da ya cinye su da yaƙi addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Haka Awe take. Lafiyar Kirista tana ɗaure da ta Musulmi, ta manomi da ta makiyayi. Ba za a samu salama a unguwa ɗaya a bar ɗayar tana ci da wuta ba.

SHIN TANA DA AMFANI?

Ba ni da ma'aunin da zan auna miki addu'a kamar mudun dawa. Amma ina da shaidu. A birnin Leipzig na tsohuwar Jamus ta Gabas, tun 1982 mutane kaɗan suke taruwa kowace Litinin a majami'ar Nikolas suna roƙon salama. Shekara bakwai ana haka, kamar ba abin da yake motsi. Ran 9 ga Oktoban 1989, bayan addu'ar, mutum wajen 70,000 suka fito titi riƙe da kyandir, jami'an tsaro ba su yi harbi ba. Wata guda bayan haka katangar Berlin ta faɗi. A Laberiya, a 2003, Leymah Gbowee ta haɗa mata Kirista da Musulmi, suka sa fararen kaya suka zauna a fili kusa da kasuwar kifi a Monrobiya, rana da ruwa, suna addu'a da azumi. Da shawarwarin sulhu suka cije a Akra, suka bi 'yan siyasa da madugan yaƙi har can suka tare ƙofar zauren. A watan Agustan shekarar aka sa hannu. A nan gida, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin Kaduna na 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A da kowannensu neman ran ɗan'uwansa yake yi, amma suka zo suka kafa cibiyar sulhu tare a Kaduna, har suka shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004.

Ki duba abin da ya haɗa su duka. Addu'a ta fara gyara masu yin ta, sannan ta sa su suka miƙe. Nehemiya da yake gina garun Urushalima, addu'a ya yi ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Mu ma mukan ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda ya roƙi salama ran Lahadi ya ɗauki alkawarin ba zai yaɗa jita-jita a waya ran Litinin ba, ba zai zuga matasa ba, ba zai ƙaurace wa rumfar maƙwabcinsa a kasuwa ba. Yi wa masu mulki addu'a kuma bai hana a gaya musu gaskiya ba. A zamanin mulkin soja na shekarun 1990 ne bishop-bishop na Katolika suka tsara addu'a domin Nijeriya mai cikin ƙunci, suna yin ta suna kuma fitar da sanarwa a kan zalunci. Kina da haƙƙin ki roƙi Allah ya tona asirin waɗanda suka kashe maigidanki, hukuma ta yi aikinta. Salama da aka gina a kan rufa-rufa ba ta ƙarko.

Na san akwai umarnin da ya fi kowanne ɗaci, wato yi wa maƙiyi addu'a, kamar yadda Yesu ya koyar a Matiyu sura 5, Istifanas kuma ya aikata ana cikin jifansa. Ba zan tilasta miki yau ba. In bakinki bai iya ba tukuna, ki ce wa Ubangiji: ban iya ba, ka riƙe mini su a hannunka, kada ka bar ƙiyayya ta gaji 'ya'yana. Wannan ma mafari ne mai kyau.

Ke 'yar ƙasar gishiri ce. Kin ga yadda matan Awe da Keana da Azara suke yi da rani. A ɗebo ruwan gishiri a yayyafa a fili, rana ta busar, a kankare ƙasar a zuba a tukwane masu huji a gindi, a ƙara ruwa, ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. A tara abin da ya tsiyaye a ɗora a wuta, a yi ta tura itace, hayaƙi na cin ido. Baƙon da ya leƙa tukunya da hantsi ruwa kawai zai gani, ya ce wahalar banza ake yi. Mai dafawa ba ta kashe wuta saboda maganarsa, ta san abin da yake cikin ruwan. A ƙarshen Markus sura 9, Yesu ya haɗa maganar gishiri da ta zaman lafiya da juna wuri ɗaya. Addu'ar da kika tashi kina ji tun kina yarinya wutar nan ce a ƙarƙashin tukunya. Mun ga rikicin da ya ɓarke, mun ƙirga kaburbura. Wanda aka kashe tun yana hayaƙi, saboda wata tsohuwa ta riƙe rigar jikanta ta hana shi fita da adda, wannan Allah kaɗai ya ƙirga.

A GIDAN MAKOKI

A nan zan ba ki labarin kuskurena. Ina saurayin mai bishara aka aike ni gaisuwa gidan wata mata da ɗanta ya nutse a kogi. Na buɗe Littafi, na yi kusan rabin awa ina bayyana mata cewa Allah ba ya kuskure. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ina cikin magana sai ga wata tsohuwa ta shigo da tulu a ka. Ta juye ruwan a randa, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta hura wuta ta dama kunu, ta ba ƙananan yaran. Sannan ta zo ta zauna a tabarma, ta jawo kan matar ta ɗora a kafaɗarta, ta ce, "Ubangiji, ga 'yarka." Iyakar addu'arta ke nan. Nan take matar ta fashe da kukan da ta riƙe kwana uku. Na rufe Littafina, na koma gida da kunya da kuma darasin da har yau nake cin moriyarsa.

Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, a nan ne suka fi yi masa amfani. Da suka buɗe baki suna neman dalilin masifarsa, sai suka zama masa ƙarin ciwo. Don haka nauyin bakinki ba aibu ba ne. Kada ki ce wa mai makoki ya daina kuka, kada ki ce kin san yadda yake ji, kada ki laƙaba wa mutuwar wani dalili. Bulus bai hana masu bi na Tasalonika baƙin ciki ba, abin da ya nuna musu shi ne nasu baƙin cikin yana tare da begen tashin matattu. In za ki yi addu'a, ki gajarta. Ki ambaci sunan mamacin, ki gode wa Allah domin ransa. Ki roƙa wa waɗanda ya bari abin da kika san kin nema a naki daren: barci, da ƙarfin cin abinci, da kuɗin makarantar yara, da kariya daga dangin da za su zo rabon gona tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

A kan shi mamacin, ikkilisiyoyi sun bambanta. Katolika suna yi wa matattu addu'ar neman jinƙai, suna dogara da Littafin Makabiyawa na biyu sura 12 da al'adar ikkilisiya, sun kuma keɓe 2 ga Nuwamba domin wannan. Yawancin sauran ikkilisiyoyinmu sukan danƙa mamaci ga Allah da godiya, su mai da roƙonsu kan masu rai. Ki bi koyarwar ikkilisiyarki, ki girmama ta gidan da kika shiga. Wurin jana'iza ba wurin gardama ba ne.

In gidan Musulmi ne, ki je, kada ki yi nawa. Ki yafa mayafinki, ki shiga wurin mata, ki zauna a tabarma. Ki ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa, ya raya abin da ya bari." Ba kalma ɗaya a nan da ta saɓa wa bangaskiyarki. In sun ɗaga hannu suna addu'arsu, ki natsu, ki yi taki a zuci. In matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ne, ki riƙa leƙa ta, ki tambaye ta ko da saƙon kasuwa. Ki tuna da Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kirista fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Maƙwabtaka irin wannan a kan tabarmar gaisuwa ake shuka ta.

Kuma ke kin fi ni sanin cewa makoki na gaske yana farawa ne ran da baƙi suka watse aka naɗe tabarmi. Wasiƙar Yakubu ta gargaɗe mu a kan sallamar mayunwaci da fatar baki, ta kuma sa kula da marayu da gwauraye a tsakiyar addini. Zumunta a ƙafa take. Ku a Zumuntar Mata ku rubuta sunayen waɗanda suka yi rashi, ku raba wa junanku, a riƙa zuwa bayan wata uku, da lokacin shuka, da Kirsimeti, da ranar da mutuwar ta zagayo. Matasa su yi musu gayyar huɗa. A tara irin doya, a tara mudun shinkafa.

RAN LAHADI

'Yata, ina ganin dattawanku sun san abin da suke yi. A majami'ar nan duka, wa zai roƙi salama da sanin tsadarta kamar ke? Ki karɓi takardar. In kina son abin da za ki jingina da shi, ga wannan, ki sauya yadda bakinki ya saba:

Ya Uba, ga ikkilisiyarka a Awe da ko'ina. Ka tsare ƙofofinta, ka tsare zuciyarta, ka haɗa kanmu ko da harsunanmu sun bambanta. Ga ƙasarmu, ga Sudan, ga duk inda uwa take kwana da fargaba. Ka ba masu mulki tsoronka da ƙarfin yin adalci. Ka sa manomi ya je gona ya dawo, makiyayi ya je kiwo ya dawo. Ga waɗanda suka yi rashi, ni ma ina cikinsu. Ka san ɗakunan da suka yi mana faɗi, ka shiga ka zauna tare da mu, ka kuma aike mu mu zauna da juna. Cikin sunan Yesu Almasihu.

In kin kai tsakiya muryarki ta sarƙe, kada ki ji kunya, kada ki yi sauri. Ki tsaya shiru a wurin. Matan da suke bayanki sun san hanya, za su ɗauka daga inda kika tsaya, jama'a kuma za su ce amin.

Ki gai da yaran. Ki sake rubuto mini bayan girbi in ji yadda kuke. Ni ma daga yau sunan Awe ya shiga takardar addu'ar gidana.